Kabarin Ɗan'inna a Singafo

Duk wanda ya saba bin layin masu turare a arewacin Haramin Madina ya san shagon Bakri, in ma bai san sunansa ba to hancinsa ya san wurin. Udu yake sayarwa, itacen nan mai duhu da ake gutsurawa a ɗora a garwashi, ƙamshinsa ya kwana uku a jikin riga. Bakri kan ɗauki guntu ɗaya ya juya shi, ya shinshina, ya gaya maka dajin da aka saro shi, na Indunusiya ne ko na Kambodiya, alhali shi kansa tafiya mafi nisa da ya taɓa yi ita ce Jidda. Kayan nan kuwa duk ta hanya ɗaya suke iso masa, ta Singafo, wani ɗan tsibiri da ba a sarar udu a cikinsa, amma can ake tara na kowa a tantance, a yanka masa farashi, sannan a aiko wa Larabawa.

A wannan tsibirin aka binne ƙanensa. Sunansa na yanka Abdallah, amma ba wanda ya taɓa kiransa da shi sai malaman makaranta. Ɗan'inna ake ce masa, don shi ne auta, kuma mahaifiyarsu Inna Kaltuma ba ta taɓa ɓoye cewa nata ne ba. Da ubansu ya rasu ya bar musu shagon, Bakri ne ya kawo shawarar ɗayansu ya koma Singafo da zama yana sayo kaya daga tushe, a daina cin kuɗinsu wajen 'yan tsakiya. Ya ce Ɗan'inna ya fi shi saurin kama yare, shi ya kamata ya je. Gaskiya ce ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ta ba, don shi ma ba ya son ya yi nisa da aljihun tebur da sahun farko na Harami.

Ɗan'inna ya tafi da niyyar shekara biyu. A Madina aka haife su, amma fasfo ɗin Chadi suke riƙe da shi kamar iyayensu, kuma irinsu in mutum ya daɗe a waje iƙamarsa, wato takardar izinin zama, mutuwa take yi. Tasa ta mutu yana can yana harkar kaya. Daga nan garin da aka binne cibiyarsa ya zama sai dai ya zo masa Umra ya koma. Ya auri wata Bamalayiya mai suna Mariam, suka haifi 'ya mace, Hibatullah. Yarinyar ba ta shiga makaranta ba ciwon zuciya ya ɗauke shi farat ɗaya, ana tsakiyar aikin Hajji, lokacin da Bakri ko abinci a tsaye yake ci. Kafin labari ya gama isowa Madina har an yi masa sutura.

Abin da ya tsaya wa Inna Kaltuma a rai ke nan fiye da shekara ashirin. Iyayenta a ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa, suka yi zango a Chadi har aka haife ta, suka ratsa Sudan, suka tsallaka teku, ba don komai ba sai don su mutu kusa da Annabi a sa su a maƙabartar Baƙi'a. Ga shi ita nata ɗan, haifaffen Madina, yana kwance a bayan wani tekun. Amma ba nisan ne ya fi cin ta ba. Kullum maganarta ɗaya ce: “An sa mini ɗa a ƙasa, babu hannun namu ko ɗaya.” Da ta ga kukan ba ya mayar da komai, sai ta rage roƙonta ya koma ɗan ƙarami. Bakri ya je ya tsaya a kan kabarin, ya yi masa sallama, ya ce Inna tana gaishe shi.

Bakri ya yi alkawari, kuma ba da ƙarya ya yi ba. Sai dai shagon udu ba ya ba mutum hutu. Azumi ba a tafiya, lokacin ne Larabawa ke turara gidajensu. Hajji ba a ma maganarsa. Kafin a huce gajiyar Hajji masu Umra sun fara sauka. In aka sami ɗan sarari, sai kafili, Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, ya yi tafiya, ba mai sa hannu a bizar fita da dawowa. In Inna ta matsa, sai ya ce, “Inna, kabari ai ba tashi zai yi ba, in sha Allah baɗi.” Haka baɗi ta yi ta haifar baɗi, har idanun tsohuwar suka rufe, kunnuwanta suka yi nauyi, shi kuma gemunsa ya yi fari fat.

Bana dai kunya ta kama shi. Likita ya ja shi gefe ya ce zuciyar tsohuwar ta gaji, sai lallaɓawa. Bakri ya fito daga asibiti ya wuce wajen kafili, bai bar ofishin ba sai da aka gama masa maganar biza. Ana cikin haka sai ga saƙo cewa Mariam da Hibatullah sun shigo Umra da ayarin mutanensu, suna wani otal a tsakiyar gari. Ya ce wannan daga Allah ne, ga masu nuna masa hanya sun zo har gida.

Bayan La'asar ya je ya ɗauko su a tasi zuwa gidansu na unguwar Ƙiblatain. Mariam ta manyanta, 'yar gajeruwa mai sanyin motsi, cikin farin hijabi irin na matan Jawa. Hibatullah kuwa da ta fito daga lif sai da Bakri ya ƙura mata ido, don goshin ubanta ne da tafiyarsa. Yanzu aiki take yi a wani kamfanin jiragen ruwa, kuma ta yi makarantar Islamiyya a can, tana Larabci irin na littafi, tsaf-tsaf, wanda 'yan tasin Madina ke yi wa murmushi.

Inna Kaltuma ta sa an yi mata wanka an turara ɗakin. Ta shafa fuskar jikarta da hannu biyu, ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce a kawo shayi da dabino. Zancen kuwa sai da ya bi ta hannu uku. Mariam ta faɗa da Malayanci, Hibatullah ta mayar Larabci, Bakri kuma, wanda ya zauna a gefen gadon, ya kai bakinsa kunnen uwarsa ya faɗa da Hausa, don ita kaɗai take shiga kunnen yanzu, ita ma sai da ƙarfi.

“Tambaye ta,” in ji Inna, “ƙasar tasu da ta cinye mini ɗa, babba ce?”

Hibatullah ta ce in hanya ba cunkoso, mota ba ta cika awa guda daga wannan bakin teku zuwa wancan.

“Inna, ta ce duk ƙasar ba ta kai rabin hanyar Badar ba.”

“Kai, Bakri, ban da ƙari.”

“Wallahil azim haka ta ce.”

“To me suke nomawa?”

Yarinyar ta ce kusan ba a noma. Shinkafa daga waje, kaji da ƙwai daga Malesiya, har wani kaso na ruwan sha ta bututu yake tsallakowa daga can, duk da ruwan sama ba ya ɗaukewa a garin, rani da damina kusan ɗaya ne, ga zafi mai naso da ke sa riga ta manne wa mutum. Inna ta riƙe baki. Ta ce ta ji ana sayen Zamzam a jarka ta yi mamaki, ashe akwai ƙasa sukutum da ke sayen ruwan alwala wajen maƙwabta. To da me suke ci?

Nan Hibatullah ta gyara zama, don an zo fagenta. Ta ce tsibirin a bakin wata 'yar siririyar hanyar teku yake, wadda jiragen da ke tsakanin Sin da Indiya da ƙasashen Larabawa ke bi. Jirgi ya tsaya ya sha mai, ya sauke kayan wani, ya ɗauki na wani. Ta tagar ofishinsu, in ji ta, in ka duba teku jirage ne a jere suna jiran layi har inda ido ya tsaya. Ba su da mai a ƙasa amma suna tace na mutane su sayar. Ba su da dajin udu amma su ke faɗin kuɗinsa.

Bakri ya fassara, yana ƙara gishiri. Inna ta saurara har ƙarshe sannan ta yanke hukunci.

“Au, tasha ce ashe. Dillalai ne irin ubanku.”

Aka yi dariya, har Mariam da aka mayar mata. Inna ta tambaya ko sarki gare su. Aka ce mata zaɓe suke yi, amma jam'iyya ɗaya ce ke ci tun kafin a haifi Mariam, kuma gwamnatin ba ta barin komai ga sa'a. Ita ke gina gidajen da yawancin mutane ke ciki, dogaye, hawa kan hawa, ta sayar maka na shekara casa'in da tara. Ita ke cewa nan makaranta, nan kasuwa, nan bishiya. In ka tofar da yawu a titi sai an ci ka tara. Inna ta ce to masu cin goro sun shiga uku, gara da Allah bai kai ta ba.

“Komai muna iya sayowa, ya Jidda,” in ji Hibatullah, tana kiran kakarta da Larabci, “fili ne kawai ba mu da shi. Har yashi gwamnati ke saye a jirgi tana cike teku don ƙasar ta ƙaru. Unguwar da nake aiki, da can ruwa ce.”

Wannan ya ba Bakri dariya ƙwarai. Mutumin da ya tashi yana ganin hamada ta kowace kusurwa, yana share yashi daga ƙofar shago safe da yamma, yau an ce masa akwai masu sayensa. Ya ga lokaci ya yi da zai fito da albishirinsa. Ya faɗa da Hausa tukuna, da ƙarfi, don uwarsa ta fara ji, sannan ya juya ga baƙin da Larabci. Ya ce biza ta fito, da sun koma zai biyo bayansu, su kai shi kabarin ɗan'uwansa ya isar da gaisuwar Inna.

Inna Kaltuma ta ɗaga hannu sama tana sa masa albarka. Hibatullah ta juya ta yi wa uwarta magana a hankali, Mariam ta ajiye finjalin shayinta a kan tire, ta sunkuyar da kai.

“Ya Ammi,” in ji yarinyar, tana kiransa baffa da Larabci, “Baba ba ya kabarin nan. An tashe shi bara waccan.”

Bakri ya zaci Larabcin littafi ne ya ruɗe ta. Ya sa ta maimaita, ta maimaita, sannan ta yi masa bayani dalla-dalla, da murya irin wadda ta yi bayanin jirage da ita. A can, in ji ta, matattu ma ba su da fili na dindindin. Doka ta ba kowane kabari shekara goma sha biyar, bayan haka duk ranar da gwamnati ta bukaci wurin sai a sanar da dangi. Musulmi ba a ƙona su, malamansu sun duba sun yarda a tono abin da ya rage a sake binnewa, mutum takwas a rami ɗaya. Ana ba iyali rana. Ma'aikata su haƙa, in sun kusa sai su ajiye shebur su sa hannu. A tattara ƙasusuwan, a wanke, a naɗe a farin ƙyalle, a miƙa wa dangin mamacin su kai shi sabon makwancinsa.

“Kowa ya zo da mazansa,” ta ce. “Masu kabarin da ke kusa da namu mota biyu suka yi, 'yan'uwan mamacin har da wani tsoho a keken guragu. Mu daga ni sai Mama, yayanta da zai raka mu yana asibiti. Malamin da ke wurin ya tambaye mu ina mazan gidan. Na kira ka, ya Ammi. Wata uku kafin ranar na kira ka.”

Ta kira shi, kuma ya tuna. Goman ƙarshe ne na azumi, shago ya cika, ga wasu ɗaliban Jami'ar Musulunci 'yan Najeriya zaune a benci suna jiran a sha ruwa. Ta ce maganar kabarin Baba ce, za a yi aiki a kansa, suna so ya zo. Shi kuwa tun da daɗewa ya ga hoton kabarin, an kewaye shi da tayil, an dasa ciyawa, ga duwatsu biyu sanye da ƙyalle, abin yana cinsa a rai. Da ya ji kalmar aiki bai jira sauran ba. Mutumin Madina ne shi, a garinsu aiki ɗaya ake yi wa kabari, a rufe shi a tafi, don haka duk wani aiki bayan wannan gini ne da ado. Ya ɗaga murya yadda ɗaliban za su ji, ya ce mata ta zo Baƙi'a ta ga inda Sahabbai da matan Annabi ke kwance, dutse ne kawai ba suna ba fenti, su wa suka fi da za su yi ta ƙawata rami? Ya ce ba da shi ba, ba kuma da kuɗinsa ba. Ta ce, ya Ammi ba haka ba ne, ka saurare ni. Ya ce bayan Sallah za su yi magana. Ɗaliban suka ce masha Allah, ya ji daɗi har cikin ransa. Ta sake kira daga baya, yana ganin lambar ya kife wayar.

“Ni na karɓe shi,” in ji Hibatullah. “Ƙasar jiƙe take, ja, ta ɓata mini hannun riga. Na zaci zai yi nauyi, na gyara tsayuwa. Ba shi da nauyi, ya Ammi. Mun sa shi tare da iyayen Mama da kawunnanta, don kada a haɗa shi da waɗanda bai sani ba. In ka zo zan kai ka, sunansa na nan a jikin allo, shi ne na biyar.”

Ba ta faɗa da fushi ba, kuma da ta yi fushin da ya fi wa Bakri sauƙi. Ba a yi wa mutum jana'iza sau biyu. Duk wanda ya rasa ta ɗan'uwansa ya rasa ke nan, sai dai ya yi ta cizon yatsa har tasa ta zo. Shi kaɗai aka buɗe wa ƙasa aka ce ga ƙanenka, zo ka ɗauke shi da hannunka ka sa shi, abin da uwarsa ta shekara ashirin tana kuka a kai, ya tsaya yana wa'azi don yara huɗu a benci su yaba masa. Baƙin ciki da kunya suka haɗu suka rufe shi, har ya rasa inda zai sa idonsa.

Inna Kaltuma ta ji ɗakin ya yi tsit. Ta laluba ta kamo hannun jallabiyarsa.

“Me take cewa ne haka mai tsawo? Ka yi shiru kamar an aiko maka da mutuwa.”

Ya duba Mariam, ya duba yarinyar, ba wadda za ta iya ɗauke masa wannan. Ya sunkuya kunnen uwarsa ya fara faɗa, guntu-guntu. Tsohuwar ta yi salati ta dafe ƙirji. Ta ce wace irin gwamnati ce wannan da ba ta bar na kwance ya kwanta ba, su cike tekun mana tun da sun iya. Ta yi ta faɗa har numfashinta ya fara sarƙewa, Bakri yana cewa Inna a hankali. Can sai ta tsaya cak, kamar wadda ta tuna ta bar tukunya a wuta.

“Tsaya. Wato fito da shi aka yi, aka sake sa shi?”

“Haka ne, Inna.”

“Wa ya ɗauke shi?”

“Hibatullah.”

“Miƙo mini hannunta.”

Yarinyar ta matso ta durƙusa a gaban gadon. Inna ta kama hannayen nan biyu, ta shafa tafin, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kifa su a fuskarta ta daɗe a haka. Hawaye na bin tsakanin yatsun. Tana cewa, “Jininsa ne. Alhamdu lillahi, jininsa ne ya ɗauke shi.” Mariam ma kuka take yi a ɓoye cikin hijabi.

Da ta ɗago, ba ta saki hannun ba, ta juya fuskarta wajen ɗanta.

“Amma ya aka yi suka bar yarinya mace da wannan aiki, ga baffanta da rai? Tambaye su, don me ba su gaya maka ba?”

Bakri ya buɗe baki ya mayar da tambayar Larabci, don ba yadda zai yi, tsohuwar na jiran ta ji sautin. Hibatullah ta ɗago ta dube shi. Ba ta fassara wa uwarta ba.

“Kai ka san amsar, ya Ammi,” ta ce a hankali. “Zuciyarta ba ta da ƙarfi. Ka faɗa mata abin da ka ga ya dace.”

Ya tuna maganar likita, ya kama wannan hujja da hannu biyu, ko da yake ya san ba don likita kaɗai ba ne. Ya kai bakinsa kunnen Inna.

“Sun ce sun yi ta nema ba su same ni ba. Layi ne bai shiga ba.”

Inna Kaltuma ta gyaɗa kai tun kafin ya rufe baki.

“Ai na sani. Wallahi na sani. Da ka ji, ko ranar Arfa ce da ka rufe shagon nan ka tafi. Kai da ka goya shi a bayanka.” Ta matse hannun jikarta. “Gaya mata kada ta riƙe ka a zuciya. Ka ce baffanta ba ya wasa da ɗan'uwansa, da ya sani da shi zai fara isa wurin. Gaya mata.”

Bakri ya ƙura wa darduma ido.

“Ka gaya mata mana, ina jinka.”

Sai ya juya ya fuskanci 'yar ƙanensa, ya faɗa mata da Larabci, kalma bayan kalma, bai rage ko ɗaya ba. Hibatullah ta saurara har ya gama, hannunta na cikin na kakarta, sannan ta ce, “Na'am, ya Ammi.”